Rabon Wanda Bai Zo Ba

Jiya a unguwar Wangsa Maju, nan ƙasar waje, na yanka murtabak, wata waina mai nama da ƙwai a ciki, gida huɗu, alhali mu uku ne. Sai na ajiye wuƙar.

Marigayi Kawu ne ya saba mana. Da ƙuruciya ya yi kuku a jirgin ruwa, kuma duk Disamba sai ya maimaita: "Ɗan Ingila katin Kirsimeti zai aiko maka, shi ke nan. Bagirke kuwa, in ya yanka kek ɗin sabuwar shekara, har wanda ba ya nan sai ya cire masa nasa."

Sai Kawu ya naɗe yanka ɗaya na murtabak da zafinsa, maiƙo na ratsa takardar, ya ce, "Kai wa wanda bai zo ba."

Jiya na rasa inda zan kai. Kawu, Allah ya sa naka rabon na Aljanna.