Jirgin Kawu Mai Tashi Tsaye

Jiya a jirgin ruwan da ke zuwa tashar St. George wani fasinja ya nuna mini bidiyon sabon jirgin sama. In ya samu fili, ya yi gudu ya tashi. In bai samu ba, ya ɗaga tsaye kamar helikwafta. Nan take marigayi Kawu ya faɗo mini a rai.

Shi ma irinsa ya yi ta ƙerawa da gwangwanin madara da farfelar tsohuwar fanka, a ɗakinsa na unguwar Bronx mai warin gam da citta. Wata Asabar ya kunna shi a gabana. Ya yi ƙugi, ya ɗan ɗaga, ya kife cikin kwanon miya.

Na tuntsire da dariya na ce, "Kawu, wai dole sai ya tashi tsaye?"

Ya goge farfelar da bakin rigarsa. "'Yar nan, garinmu duwatsu ne, da damina mota ba ta shiga. A kafaɗa muka ɗauko mahaifiyarki tana naƙudar ƙaninki. Ba mu kai titi da ita ba, ta cika."

Kawu, ga shi sun ƙera. Allah Ya jiƙanka, Ya sa wata rana jirgin ya sauka a garinmu.