Faifan Sama da Yajin Aikin Kaka

Tarihin binciken sararin samaniya ba zai cika ba sai an rubuta babin tsakar gidanmu da ke unguwar Hausari a Potiskum. A can aka yi muhawara mafi zafi da na taɓa gani a kan ko akwai baƙi masu kawo mana ziyara daga sama, kuma an yi ta ne ba na'ura ba littafi, a gefen murhu, ana ɓare gyaɗa.

Kakata ta wajen uba, Ya Falmata, ita ce mai dandalin. In an idar da sallar isha'i takan jawo tabarmarta kusa da garwashin da tuwo ya bari, ta binne gyaɗa a toka, mu jikoki mu zagaye ta. Hausarta irin ta mutanen Borno ce, tana tafe tana tuntuɓe da Barbarci, amma ba mu taɓa rasa inda kura ta nufa ba. Doka ɗaya gare ta: kowace tatsuniya sai an rufe ta. In kura ta gama shan wuya, sai Kaka ta ce ƙurunƙus, ta ƙara da cewa da ma ƙarya ce ta shirga mana. Mace ce da ba a taɓa kama ta da ƙarya da rana ba, don haka ta daren ma sai ta buga mata hatimi kafin a kwanta.

Wata rana ta zo mana da labarin da babu kura babu zomo. Ta ce tana yarinya, a gonar mahaifinta ta wajen Fika, an girbe gero an tara dammuna, yara suna gadi don kada dabbobi su yi ɓarna. Bayan magariba sai ga wani abu daga gabas, zagayayye kamar faifan rufe ƙwarya, amma ya fi rumbu faɗi. Ba ƙara, ba hayaƙi. Ya tsaya cak bisa kukar bakin gona, haske na zuba ta ƙarƙashinsa har ana ganin tururuwa a ƙasa. Jaki ya durƙusa, karnuka suka yi tsit. Sannan ya karkata ya yi yamma da gudun da ido bai iya bi.

"Sai me ya faru, Kaka?" in ji mu.

"Sai muka zura gida. Me kuke so ya faru? In tsaya in tambaye shi gajiya?"

Ta tono gyaɗa ta raba mana. Muna ta jiran ƙurunƙus, shiru.

Ƙannen mahaifina biyu suna zaune a kan benci. Baffa Modu malamin firamare ne, yana koyar da kimiyya, kuma ya ɗauki aikin har gida. Baffa Lawan direban babbar mota ne mai kai shanu kudu. Baffa Modu ya gyara murya.

"Iya, kin manta rufewa."

"Ban manta ba, Malam. Wanda aka ƙirƙira ake rufewa."

Nan Baffa Modu ya buɗe aji. Ya ce ko tauraro ne mai wutsiya, ko balan-balan na masu auna yanayi, ko kuma yaran sun wuni a rana ba su ci komai ba. Baffa Lawan ya ce wallahi shi ma ya ga irinsa a hanyar Jos, kuma aljanu ne suke sauya unguwa.

"Kai da ko Damaturu sai an yi maka rakiya, me ka sani a sama?" in ji shi, yana nuna Baffa Modu.

Baffa Modu ya ce, "Kai kuma ai ka ga mace mai kofato, ka ga kura tana tsayar da mota. Saura ka ce kun sha shayi da su."

Gaskiya goyon bayan Baffa Lawan irin wanda ke kayar da mai gaskiya a kotu ne. Kaka ma ta harare shi.

Baffa Modu ya sassauta murya. "Iya, yara ne. Gobe za su je makaranta su faɗa, a yi mini dariya. Ki ce ƙurunƙus kawai, kowa ya huta."

"In na faɗa, na ce ni maƙaryaciya ce a gaban jikokina, da bakina. To tunda a gidan nan ba a bambanta gaskiyata da tatsuniyata, na rufe duka biyun."

Ta naɗe tabarma ta shiga ɗaki.

Yajin aikin ya yi tsawo. Bayan isha'i garwashi ya riƙa mutuwa ba wanda ya binne masa komai. Mu kuma muka ɗauki mataki irin na talakawa: butar alwalar Baffa Modu ta riƙa zuwa a makare, gaisuwarsa ta koma rabi, aikensa ya riƙa ɓata a hanya. Ya iya jure wannan. Abin da bai iya jurewa ba shi ne yadda uwarsa take amsa gaisuwarsa da ladabi, kamar baƙo.

Ran da ya gaji, ya tuɓe takalmi ya tsuguna a bakin ƙofarta, muna leƙe.

"Iya, ba zan ce faifai ne ba, ba kuma zan ce aljanu ne ba. Amma na yarda an ga wani abu a sama, ba a san ko mene ne ba."

"To ni me na ce? Na ce maka na san shi ne? Ku miƙo min gyaɗa."

Yau wayoyinmu cike suke da hotunan fitilu masu yawo a sama, ana ta musu daga Amurka har majalisar masu shayi. Da na yi karatu na tarar sunan da Turawa suka raɗa wa abin ba ya nufin komai sai abin da Baffa Modu ya faɗa a tsugune. Har yanzu duniya Modu ne da Lawan: wannan ya san ba komai ba ne, wancan ya san ko mene ne, kuma cikinsu babu wanda ya je gonar. Kaka kaɗai ta faɗi iyakar abin da ido ya gani ta tsaya. Na daɗe ina kafa misali da ita a kan yadda shaida ta gari take.

Bayan rasuwarta na je Fika gaishe da ƙanwarta, Ya Zara, na kwashe labarin na faɗa mata da alfahari. Ta ce ƙwarai an ga faifan, ita ma tana wurin, kuma ya fi rumbu faɗi. Falmata dai a ranar tana kwance a gida da ƙyanda, ita Ya Zara ce ta dawo daga gona ta ba ta labari.