Matakala Sittin da Biyu

A cibiyar binciken dabbobi kowa Baba Tumbi yake ce masa, shi ma ya gaji da hanawa. Shekara ashirin da shida aikinsa ɗaya: ya cire murfin robar da likitoci suka dasa a kwiɓin saniya, ya zura hannu har kafaɗa, ya matso ruwan tumbi cikin fulas, ya ruga da shi ɗakin gwaji a saman bene. Saniya ta huɗu ke nan a hannunsa. Matarsa tuni ta daina mitar warin, ta dai ware masa bokiti da sabulunsa.

Ƙwayoyin halittar da ke cikin ruwan nan kuwa 'yan gata ne. Iska ta taɓa su, su mutu. Su huce, su mutu. Dakta, mai ɗakin gwajin, fama take ta cusa musu wani ɗan zoben sinadarin gadon hali da ake kira filasmid, ko sa riƙa narkar da busasshen kara. Da har abin ya soma karɓa. Sai kuma ya tsaya cak.

Ta canja magunguna, ta canja kwalabe, ta rame. Baba kaɗai ya san dalili: gwiwoyinsa. Matakala sittin da biyun da yake haurawa a numfashi ɗaya yanzu sai ya zauna sau uku, fulas a cinya, murfin fulas ɗin da ya tsufa yana shan iska. Tsoro yake ji. In ya faɗa, sallama ce, shi kuwa bai iya komai ba sai wannan.

Ran nan ya same ta ta kifa kai a tebur.

"Baba, ni ce ban iya ba," in ji ta.

Kai, abin ya ci masa rai. Ya ajiye fulas, ya faɗa mata komai.

Ta ɗago kai. "Wata takwas, Baba. Wata takwas ina zagin kaina."

Ba ta kai ƙararsa ba. Washegari sai ga ta a bakin garke da takalmin gudu. Ya matso ruwan, ta karɓe fulas ba gaisuwa, ta kwasa a guje. Ya tsaya yana ƙirga takunta a matakala har sittin da biyu. Sannan ya mayar wa saniya murfinta, ya wanke hannu, ya rasa inda zai nufa.