Maɓalli na Ɗari Uku

A layin masu ɗinki, shago na huɗu daga famfo, akwai wata kwalbar zuma da ba zuma a cikinta. Maɓallai ne, farare da baƙaƙe da masu ruwan gwal, kuma duk wanda ya miƙa hannu zai ɗauki ɗaya wai don na rigarsa ya faɗi, sai ya sha hararar da za ta raka shi har bakin titi. Mai shagon, wadda 'yan layi ke kira Anti Tela, ba ta wasa da kwalbar nan. Kowane maɓalli littafi ne da ta karanta daga bango zuwa bango, kuma ta ɗaukar wa kanta alkawari sai sun cika dubu kafin idonta ya daina ganin kafar allura.

Shekararta arba'in da tara. Marigayiya mahaifiyarta, wadda ta bar mata keken ɗinkin, tana da sittin da biyar ido ya ce ya gaji. Don haka Anti Tela ta buga lissafinta da allin awo a gefen teburin yanka, ta hana kowa gogewa: littafi ɗaya a mako, shekara goma sha uku da rabi nan gaba, za ta gama tana da sittin da biyu da 'yan watanni. Har da rarar mura da zazzaɓi ta bari.

Abin da ba ta son a tono shi ne yadda ta faro. Aji biyu kawai ta yi, ita da yayarta, mahaifinsu ya kwanta jinya aka zare su suka koma taya uwa ɗinki. Har ta kai shekara talatin da bakwai littafin awonta zane ne zalla: kifi na matar mai kifi, tabarau na malamar asibiti, wani dogon baki kuma na wata mata da ba ta taɓa karɓar ɗinki ba tare da ƙorafi ba. Ranar da matar nan ta leƙa littafin ta gane kanta, ranar Anti Tela ta je ta yi rajista a makarantar manya. Littafinta na farko wata huɗu ya ɗauke ta, tana bin layi da ɗan yatsa, leɓe na motsi. Da ta kai ƙarshe sai ta rasa wanda za ta gaya wa, ta ɗauki maɓalli ta jefa a kwalba.

Shekara huɗu da suka wuce 'yarta ta buɗe mata shafi a intanet kafin ta tafi karatu wani gari. Mai Allura ta sa wa kanta suna a can, ba hoto, ba adireshi. Duk Asabar bayan la'asar takan ture keke, ta goge hannu, ta rubuta sharhi da babban yatsa ɗaya. Awon riga take yi wa littafi. Takan ce wannan wuyansa ya zauna amma hannu ya yi tsawo, a rage shafi hamsin. Takan ce wancan yadin mai kyau ne, telan ne ya yi gaggawa. Mutane suka ji daɗin abin, mabiya suka kai ɗari huɗu da goma sha biyu, har da wani da ke kiran kansa Tsohon Malami, wanda ba ya barin sharhinta ya wuce bai tanka ba. Dukansu sun ɗauka wata 'yar boko ce mai son ɗinki, ita kuma ba ta gyara musu ba.

Yaya tana shagon da ke manne da nata, tana sayar da zare da zif da roba. Ita ba ta koma makaranta ba, kuma ba ta gajiya da tsokana.

"Auta, karatun tsufa dai? Gobe sai mu ji an ba ki kujerar alƙali."

Amma da zarar kasuwa ta yi sanyi sai ga ta da kujerarta a bakin ƙofa, tana warware zare, tana cewa, "Wai mutumin nan na jiya, ya biya matar ko ya gudu?" Shekara goma sha biyu ke nan Anti Tela na karanta mata a bayyane, ita kuma tana cewa ba saurare take ba.

Kwalba na da maɓalli ɗari biyu da casa'in da tara aka wayi gari wata Litinin. Anti Tela ta rufe shago da hantsi ta tafi wurin mai tsofaffin littattafai da ke shimfiɗa a gindin gada, zuciyarta fes, don na ɗari uku ba za a ɗauko shi da ka ba. Ta juya wannan ta ajiye, ta shinshina wancan. Can ƙasan kwali ta ci karo da wani labari na mai haƙar rijiya, ya sha duniya har ya gode Allah: zaren bayansa ya tsinke, takardun sun rabu ƙunshi bakwai, gara ta yi wa gefen ƙasa cin zalunci.

"Hajiya, bar wannan, ya mutu," in ji mai littattafan.

"A hannunka ya mutu," ta ce. "Naɗe min shi."

Ai kuwa aikinta ne. Rabin littattafan da ke kan kantarta ita ta yi musu jinya. Ta shimfiɗa ƙunshin bakwai a kan tebur yadda suka fito daga leda, ta daidaita su, ta huda da basilla, ta ɗinke da zaren jakar makaranta, ta yi masa bango da ragowar yadin labule. Sai gefen da gara ta ci ya tsaya mata a rai. Tela ba ta iya ganin baki a tsattsage ta ƙyale. Ta ɗauko babban almakashi ta datse ƙasan gaba ɗaya, faɗin ɗan yatsa guda, ya fito sumul kamar sabon kalmasa. Ta ɗaga shi ta nuna wa Yaya tana washe baki.

Kwana huɗu suka cinye shi, ɗinkin mutane na jira. Mai haƙar rijiya ya yi aure, ya sha wahala, ya haƙa wa ƙauye rijiya, sai ga shi tun tsakiyar littafi ƙasa ta rufta masa. Aka fito da shi, aka yi masa sutura, matarsa ta yi kuka har Yaya ta ja bakin mayafi. Anti Tela ta buɗe babi na gaba, babin da ba lamba a kansa sai zanen ɗan fure, sai ga mutumin ya turo ƙofar gidansa da akuya a hannu. Matar ba ta ko razana ba. Ta ce masa ya makara, ta miƙa masa ruwa a kofi.

Anti Tela ta ajiye littafin a cinya.

"Yaya, kin ji? Ya dawo. Ba ta ma tambaye shi ba."

"To me za ta tambaya?" Yaya ta ce a hankali. "Ni ma Inna takan shigo min haka. Ina auna roba sai in ji ta ce na rage."

Suka yi kuka su biyu a tsakiyar rana, wata mai karɓar ɗinki ta leƙo ta koma da baya. Gaskiya sau biyu Anti Tela ta ji labarin ya yi tuntuɓe, yaron da ya yi gemu ya koma rarrafe, amma ta ce a ranta salon marubuci ne, manya ba sa bin layi.

Ranar Asabar ta yi sharhin da ba ta taɓa yin irinsa ba. Ta ce cikin littafi ɗari uku ba ta ga mai ƙarfin halin wannan marubuci ba, ya binne mutum a tsakiya ya dawo da shi ba tare da neman afuwar kowa ba, don ya san wanda ake so ba ya barin gida. Ta danna, ya hau. Ta zaɓi wani babban maɓalli ja na tsohuwar rigar sanyi ta jefa a kwalba, ta taka rawa tsakanin keke da tebur har tsumma na maƙale mata a ƙafa. Kafin ta rufe shago mutum sittin sun yaba, wasu na tambayar inda za su samu.

Da safe saƙon Tsohon Malami na jiranta. "Mai Allura, barka da cika ɗari uku. Sai dai shekara tara na koyar da littafin nan. A nawa, mai rijiya a babin ƙarshe yake mutuwa, kuma bai dawo ba. Akuyar tun yana ango ya sayo ta. A shafi na nawa ya tashi a naki?"

Ta yi dariya, ta ce yau ta kama malami. Ta jawo littafin ta duba ƙasan shafi don ta ba shi lamba. Ba lamba. Ta duba na gaba, ta duba na baya. Sai idonta ya sauka a kwandon tsumma, inda siraran takardun da ta datse ke kwance, kowanne da ragowar lambarsa. Ashe ƙunshin ne ta ɗinke a hargitse, na ƙarshe ya faɗo tsakiya. Ta zauna a kan kujerar keke ba ta shirya ba. Kunya ta rufe ta, irin ta ranar dogon baki.

Yaya ta ji bayani ta riƙe haɓa. "Wato ke kika tashe shi? Da basilla?"

"Ni ce, Yaya."

"Goge shi. Yanzu, kafin su taru. Wa ya san fuskarki? Ki rufe shafin ma gaba ɗaya, ki yi karatunki a ɗaki. Mutanen nan masu takardu ne, Auta. In suka gano ko mu su wane ne, dariyar da za su yi ba ke kaɗai za ta sama ba."

Anti Tela ta ɗora yatsa a kan wurin gogewa. Shekara huɗu na Asabar ɗinta ne a ƙarƙashin yatsan, da mutum ɗari huɗu da suka saba ce mata malama. Sai ta ajiye wayar ta ɗauko reza, domin tun tana yarinya uwarsu ba ta taɓa barinta ta ɓoye karkataccen ɗinki a cikin kalmasa ba, farkewa ake yi a gaban mai kaya a sake. Ta farke littafin ƙunshi bakwai. Ta zura hannu a kwalba ta ciro jan maɓallin ta ajiye a kan keke. Sannan ta rubuta.

Ta faɗa musu komai: gara, almakashi, akuya. Ta ce marubucin bai tashi kowa ba, aikin tela ne. Da ta zo nan sai yatsan ya ƙi tsayawa. Ta ce aji biyu ta yi, ta koyi karatu tana da talatin da bakwai, kuma har yau in kalma ta yi tsawo sai ta raba ta biyu kafin ta haɗiye. Ta ce wanda zai yi dariya ya yi, ita ma ta yi, amma dubun nan sai ta cika.

Dariya kam an yi ta, har da masu hawaye. Wata ta ce don Allah a faɗa mata tsarin ɗinkin, nata take so ta juya haka. Wani ya ce shi da digirinsa littafi uku ya gama bana, kuma ba wanda ya tasa daga kabari. Tsohon Malami ya turo farkon kowane babi a jere don ta daidaita, ya ƙara da cewa shekara tara yana koyar da mutuwar mai rijiya, bai taɓa jin zafinta ba sai da ya karanta dawowarsa. Mabiya suka haura ɗari shida kafin Laraba. Anti Tela na karanta wa Yaya saƙonnin ɗaya bayan ɗaya tana buga tebur, Yaya kuwa sai naɗe zare take yi tana warwarewa.

Ta sake ɗinke littafin daidai, suka sake karanta shi daga fari. Wannan karon mai rijiya ya mutu a shafin ƙarshe, ƙofa ba ta sake buɗewa ba. Anti Tela ta rubuta sabon sharhi, ta mayar da jan maɓallin cikin kwalba, ta gyara lissafin allin da mako guda.

Washegari tana zura zare sai Yaya ta shigo, ba kujera a hannunta. Wani abu ta ajiye a kan teburin yanka, kusa da kwalbar maɓallai. Kwalbar man shafawa ce, an wanke ta tas, ba komai a ciki.

"Shekara goma sha biyu ina jin abin da kika ɗinka min," ta ce, tana kallon bango. "Wa ya san mutum nawa kika kashe, nawa kika tasa? Gara in duba da idona."

Anti Tela ta tsura mata ido.

"Kar ki tsaya kallona kamar na zo da akuya. Shekarata hamsin da uku, ba ni da lokacin ɓatawa. Wanne ne mai manyan baƙaƙe?"

Anti Tela ta miƙe ta ɗauko na farkon nan daga saman kanta, wanda ya ɗauke ta wata huɗu, gefensa duk dattin yatsa. Ta ture yadin mutane gefe, ta jawo kujera ta biyu. Yaya ta goge hannunta a zani, ta ɗora ɗan yatsa a kan layin farko.