Lissafi Uku, Kujera Ɗaya

Ni ɗan Birnin Kudu ne. Na karanta ilimin ƙididdiga, aiki ya ƙi samuwa, na buɗe ɗan shagon buga takardu da kwamfuta ɗaya. Ko allurar wani ban taɓa ɗauka ba.

Da zaɓen kansiloli ya matso, Baba Sule, aminin marigayi mahaifina, ya zo daga Sundimina. Shi da wasu mutum biyu ne ke neman kujera ɗaya. Ya ce, "Ɗana, an ce na'urarka tana gano wanda zai ci. Duba mini."

Na yi aikin tsakani da Allah, na jera hanyoyin lissafi uku. Ta farko tana ƙirga masu zuwa taron ɗan takara. Ta biyu tana bin yadda kowace rumfar zaɓe ta saba jefa ƙuri'a. Ta uku tana haɗa wannan da abin da mutane suka faɗa mini da na zaga ƙauyuka ina tambaya. Ita ce mai ƙwari, na sani sarai. Ita kuwa ta nuna Baba Sule a baya, na gaban ma ba tabbas.

Na yi ta bayani har bakina ya bushe. Ya tsuke fuska ya ce, "Ni 'wataƙila' ce ta kawo ni? Ai mai duba ma ya fi ka."

Maganar ta ƙona mini rai. Duk wahalar karatun nan, a ce boka ya fi ni. Sai na buɗe masa ta farko, mai ƙirga taro. Taronsa kullum maƙil yake, don ana dafa shinkafa. Ya ga sunansa a sama, ya biya ni yana ta shi mini albarka.

Daga nan idona ya buɗe. Na nemo sauran 'yan takarar biyu, kowa na zaɓar masa lissafin da zai ɗora shi a gaba. Har Gwaram na riƙa zuwa ina sayar wa mutane nasara.

Baba Sule ya sayar da gonarsa ya zuba kuɗin a yaƙin neman zaɓe, ya faɗi. A wajen wani ɗaurin aure su ukun suka haɗu, hira ta kawo kowa ya ce kwamfutata shi ta ba nasara. Aka kai ni kotu, aka ɗaure ni kan zamba.

Da na fito na tuba, na je neman gafararsa. A gonar nan na same shi, yana yi wa wanda ya saye ta ƙwadago. Ya ce, "Na yafe. Amma tun ranar ka san gaskiya, ko?" Na ce na sani.

Samari, in lissafi ya ba ku amsar da ba a so, ku faɗe ta, ko da za a zage ku. Ni zagin Baba Sule na guje wa. Ran nan ko zagina bai yi ba. Ya duƙa ya ci gaba da yi wa wani noma.