Da Bakina Aka Hana Shi

Yayana ya yi ƙarya da sunana, ya hana ɗana aikin da ya ci da guminsa. Ya ce wa yaron ni na ce ban yarda ba. Ya juyo ya ce min yaron ne ya fasa da kansa. Uwa ɗaya uba ɗaya muke da shi, gida ɗaya muke kwana a Mandawari, in ya yi tari a sashensa ina ji daga nawa.

Yaron shi ne ɗana na fari. Wanda bai tashi a irin gidanmu ba zai ce, to ba sai ka kira ɗanka ka tambaye shi ba? Mu ba haka muka taso ba. Uba ba ya faɗar sunan ɗan fari, ba ya wasa da shi a gaban mutane, in ana zancensa sai ya kau da kai kamar ana zancen ɗan maƙwabta. Kunya ce, kuma da ita ake gane mai tarbiyya. Da aka yaye shi, mahaifiyarmu, Allah ya jiƙanta, ta saɓa shi ta kai sashen Yaya, wanda a lokacin 'ya'ya mata kawai gare shi, ta ce ga naka. Shi ke nan. Baba yaron yake ce wa Yaya. Ni Baffa yake ce min. Ni kuma in dole ta sa zan ambace shi, sai in ce wancan.

Ba zan ci haƙƙin Yaya ba. Ya ciyar da shi, ya tufatar da shi, ya kai shi har jami'a. Ni daga aji uku na sakandare na watsar, na kama gyaran keken ɗinki, har yau shi nake yi a rumfata ta bakin titi. Yaya yana kasuwar Kwari, yana sayar da shadda da atamfa. Shi ya riƙe sana'ar gida, kuma ba ya gajiya da tuna wa mutane cewa kakanmu da ayari ya ƙetaro hamada, babu wanda ya taɓa ba shi albashi.

Yaron kwamfuta ya karanta. Da ya gama bautar ƙasa sai ya zauna a shagon Yaya, wai kafin a ga abin da Allah zai yi. Ya dinga ɗaukar hoton kaya yana sawa a waya. Mata daga Nijar da Kamaru suka fara aiko da oda ba tare da sun taka Kano ba. Yaya da bai iya buɗe saƙon murya ba sai ga shi yana cewa kastomominmu na waje.

Labarin aikin ta katanga ya zo min, kamar duk labarin yaron. Matar Yaya ta faɗa wa matata, matata ta faɗa min tana kallon tukunya, don ita ma kunyar tana kanta. Wai wata hukuma ce ta gwamnati a Abuja mai kare bayanan mutane take ɗaukar sababbin masu digiri. Ban gane ba. Na tambayi wani tela da nake yi wa gyara, mai ɗan karance-karance. Ya ce, ka ga sunanka da lambar wayarka da hotonka da ka bayar a banki ko a asibiti? To su ne masu bin sawu, su ga wa ya ajiye, wa ya sayar, wa ya zubar a bola. Nan na tuna wata rana da na sayi tsire aka naɗe min a takarda. Ina warwarewa na ga sakamakon gwajin jinin wata mata ne, ga sunanta, ga unguwarsu, ga cutar da take fama da ita, duk mai ya jiƙa. Na ce wa telan, in wannan za su hana, aikin mutunci ne.

Ya ce tsarin nasu ma daban ne. Ba a ajiye yaro a tebur ɗaya. Ana kai shi sashen da ke karɓar ƙorafi, daga nan wanda ke zuwa duba kamfanoni, daga nan wanda ke wayar da kai, ana koya masa ana biyansa, in ya gama a tabbatar da shi. Sai dai matasa suke so, akwai shekarun da in mutum ya wuce ba a karɓarsa.

Yaron ya yi jarrabawa a kwamfuta ya ci. Aka yi masa intabiyu ta waya, suna ganinsa yana ganinsu. A gidanmu sabis ba ya shiga ɗaki, sai da ya tafi gidan wani abokinsa a Goron Dutse. Na gan shi da safen nan zai fita, ya sa farar shadda, hula ta zauna. Ya durƙusa ya ce Baffa ina kwana. Na ce lafiya. Bakina cike da addu'a, amma lafiya kawai na ce. Ya ci intabiyun ma. Ba mu kama ƙafar kowa ba, ba mu san kowa a Abuja ba, mu da ko a Sakatariya ba mu da ɗan'uwa.

Ranar da na ji, na kulle rumfa tun kafin la'asar. Na sayi yadi mai kyau na kai wa telan nan, na ce ya auna da idonsa, ya san yaron. Da aka gama na ba uwarsa, ta ba matar Yaya, aka ce masa daga cikin gida ne. Na zauna ina jiran a ce ga ranar tafiya.

Shiru. Ina ganin yaron kullum yana bin Yaya kasuwa. Da abin ya dame ni na sami Yaya a soro yana alwala.

Na ce, "Yaya, wancan ɗin, yaushe ne tafiyar?"

Ya ce, "Wace tafiya? Ai ya fasa."

"Ya fasa?"

"Da kansa. Ya ce albashi ba ya riƙe mutum." Ya watsa ruwa a ƙafa yana dariya. "Jinin kasuwa ne, bakanike. Ba kai ya biyo ba."

Na yarda. Yayana ne, ban taɓa kama shi da ƙarya ba. Kuma daga ranar na raina yaron a zuciyata. Na ce ashe ragon banza ne, an buɗe masa ƙofar da ni ko leƙa ta ban isa in yi ba, ya zaɓi auna yadi da jiran Yaya ya miƙo masa na cefane. In ya gaishe ni sai in amsa ban ɗago ba. Shi ma ya rage gaisuwar, ya daina durƙusawa sosai, yana faɗa yana tafiya. Na ce ka gani, har girman kan 'yan kasuwa ya fara. Haka muka yi azumi biyu a gida ɗaya.

Wani tsohon malamin firamare a layinmu ne ya fasa ƙwan, kuma bai san ya fasa ba. 'Yarsa ta shiga wannan tsarin, rukuni ɗaya da wanda aka kira ɗana. Ta zo hutun Sallah. Shi kuma ya kawo min keken matarsa, zare yana tsinkewa. Ina warware kan keken da sukudireba yana zaune a benci yana ba ni labarin 'yar, wai yanzu ita ake turawa ta yi wa manyan manajoji tambayoyi, suna ce mata Hajiya. Can sai ya ce,

"Amma Malam, kai ma ka yi ƙeta. Me yaron nan ya yi maka?"

Na ce, "Wane yaron?"

"Naka mana. 'Yata ta ce har waya suka yi masa, suka ce ya ƙara tunani. Ya ce mahaifinsa bai yarda ba."

Na ce, "Yayana Alhaji ke nan."

"A'a. Ita ma ta tambaye shi. Ya ce Alhaji ya yarda. Wanda ya haife shi ne ya ƙi."

Sukudireban da ke hannuna ban san lokacin da ya faɗi ba. Malamin ya ga fuskata, ya fara kame-kame, wai wataƙila yarinyar ba ta ji daidai ba. Na ce masa ya dawo jibi.

Na tari adaidaita da baƙin mai a hannuna. Rabona da shagon Yaya har na manta. Na tarar ba ya nan, ya tafi ta'aziyya. Yaron yana zaune cikin kaya, waya a hannu, ya yi ƙiba irin ta zaman shago. Na tsaya a bakin ƙofa na ce, "Kai, zo." Ya waiga bayansa ya ga ko da wani nake. Muka fita bayan layi inda ake sauke diloli, 'yan dako suna ta a ba su hanya.

Na ce, "Wa ya hana ka tafiya Abuja?"

Ya sunkuyar da kai.

"Da kai nake."

Ya ce, "Baffa, ai ya wuce."

"Na ce wa ya hana ka?"

Ya ce, "Baba ya ce shi ya amince, amma da ya same ka, ka ce in na taka ƙafata ba ka yafe ba. Ya ce ya ba ka haƙuri, ka ƙi. Ya ce kada in tayar da maganar, ranka ya ɓaci."

Na ce, "Me ya sa ba ka zo ka tambaye ni ba?"

Sai a lokacin ya ɗago ya dube ni. Idon uwarsa ne sak, ban taɓa lura ba.

Ya ce, "Baffa, yaushe na taɓa tambayarka wani abu?"

Nan na gane dabarar Yaya, kuma dabara ce ta wanda ya san gidansa. Da ya ce shi ne ya hana, da yaron ya yi ta magiya, ya tura matar Yaya, ya tura limamin unguwa, ya daina cin abinci, don da Yaya ya saba, ya san yadda ake lanƙwasa shi. Ni kuwa babu hanyar da za ta kawo shi wurina. Yaya ya duba gidan kaf, ya zaɓi bakin da ya san ba za a taɓa zuwa a tambaya ba.

Na ce wa yaron ban faɗa ba. Na ce ko a mafarki ban faɗa ba, ni ce min aka yi shi ya fasa. Ya dinga murza wayar a hannu. Na zaci zai yi kuka ko ya yi zagi. Bai yi ko ɗaya ba.

Na ce, "Ba za su sake ɗauka ba?"

Ya ce, "Sun buɗe bana. Shekaruna sun wuce."

Wani yaron shago ya leƙo ya ce ana nemansa, wata Hajiya tana son ganin kala. Ya ce, "Baffa, bari in je." Ya durƙusa har ƙasa, a cikin wannan cunkoson, sannan ya tafi. Wannan ce hira mafi tsawo da na taɓa yi da ɗana, a tsaye, tsakanin diloli.

Ina tunanin kunyar nan da aka koya mana. Ban ce banza ce ba, iyayenmu sun yi ta, sun mutu da mutuncinsu. Amma su a zamaninsu ɗa yana gado ne a inda ubansa ya tsaya, babu wata hukuma da za ta kira shi a waya ta ce ya yanke shawara. Ni na riƙe ta da gaskiya, ina ganin ina kyauta wa Yaya, ina ganin yaron ya san abin da ke raina ko ban faɗa ba. Ashe bai sani ba. Ta ina zai sani?

Na bari sai Juma'a, bayan an sauko, baƙin Yaya sun ci shinkafarsu sun watse. Yana kishingiɗe a soro yana sakace. Na zauna a tabarma, ban gaishe shi ba.

Ya ce, "Bakanike, lafiya? Ko kekunan garin sun daina lalacewa?"

Na ce, "Yaya, ni na ce in yaron nan ya tafi ban yafe ba?"

Ya cire tsinken daga baki. Bai musa ba, wannan na ba shi. Ya tashi zaune ya ce ni me na sani? Na san kuɗin haya a Abuja? Na san yadda yara ke lalacewa a can? Wa ya yi ɗawainiyarsa tun yana zanin goyo? Shagon nan wa zai bar wa, surukai? Ya ce gata ya yi masa, wata rana ni da yaron za mu gode. Ya ce kuma ai ɗansa ne, uwarmu ce ta ba shi.

Na bar shi ya gama. Sannan na ce,

"Ɗanka ne, ban taɓa musu ba. Da ka hana shi da bakinka, wallahi da ko tari ba zan yi ba, da na ce ka fi ni sanin abin da ya dace da shi. Amma kai ba ka so ya ƙullace ka. Ka so shagon, ka so kuma ya ci gaba da yi maka dariya, sai ka ɗora min. Yaron nan yana gaishe ni kullum yana ganin ni na kashe masa rayuwa, ni ina amsawa ina ganin rago ne, kai kana tsakiya kana cin tuwonka. Inna ɗa ta ba ka, Yaya, ba ta haɗa maka da bakina ba. Ba zan bar gidan nan ba, ba zan daina gaishe ka ba, in ka riga ni ni zan shiga kabarinka in karɓe ka. Amma wannan ban yafe ba, kuma yau da kunnenka ka ji, ba aike ba ne."