Har Sai Manjo Ya Mutu

Odessa Tarver 'yar gwaggona ce, ta girme ni nesa ba kusa ba, amma ko gaban alƙali aka kai ta ba za ta amsa ba. Tun tana budurwa take ninkin zanin gado a ɗakin wanki na wani otal a Dayton. Da za a haɗa zannuwan da ta ninke a ɗinke, da an lulluɓe jihar Ohio kaf, har a sami ragowar da za a rufa wa Indiana ƙafa. Abin da ta fito da shi daga aikin nan agogon bango ne na ranar sallama, sai hannaye biyu da amosanin gaɓɓai ya murɗe suka koma kamar citta. Murfin kwalbar maganinta ma sai ta kai wa maƙwabci ya buɗe mata.

Da mijinta Alvin ya rasu, ita kaɗai ta rage a gidan hayarsu, hawa na biyu: ɗaki ɗaya, falo, da kicin da in ka shiga sai dai ka fito da baya. Bangon gidan kuwa sunansa bango ne kawai, kwali ne aka shafa wa fenti. In na gefe ya yi tari, ita ke ce masa sannu daga kan gadonta. Ta san wanda ya rasa aiki, ta san wadda ke da ciki tun kafin mijin ya sani. Ba gida ne na nuna wa baƙo ba, amma nata ne, ba mai ce mata ta kashe talabijin.

Wata rana da tsakar rana wasu samari suka ɓalle ƙofar Misis Hadley, tsohuwar da ke hawan ƙasa. Suka kwashe talabijin da magungunanta, ɗaya ya ture ta, ta karye a ƙugu. Daga asibiti 'ya'yanta suka wuce da ita gidan tsofaffi, ko kayanta ba ta dawo ta haɗa ba.

Labari ya isa Georgia wurin Renita, 'yar Odessa tilo, mai gida da farin kafet da miji mai suna Curtis. Nan take ta bugo waya.

"Mama, na gyara miki ɗakin ƙasa. Har banɗakinki daban."

"Ɗakin ƙasa? Inda kuka jibge keken motsa jikin da ba mai hawa? Ki jira in mutu mana, sai ki sa ni a ƙasan gaba ɗaya."

"Mama, ba wasa nake ba. In suka hawo sama wa zai tsaya miki?"

"Zan ɗauko kare. Zan sayi bindiga."

"Ke? Da wane hannun?"

"Da wanda ya wanke miki kashi, marar kunya."

Suka tsayar da magana: Renita za ta zo bikin Godiya, wanda iyali ke haɗuwa gab da shigowar sanyi, ta gani da idonta. In ta gamsu, Mama ta zauna. In ba ta gamsu ba, Mama ta haɗa kaya.

Odessa ta tafi gidan da ake ajiye karnukan da ba su da mai su, ta ce a ba ta wanda kansa ya kai na saniya. Yarinyar da ke wurin, Shawna, mai zobe a hanci, ba ta yi musu ba, ta miƙa mata igiyar wani ƙato baƙi. Karen ya hango kyanwa, ya ja Odessa a kan siminti kamar buhun wanki. Sai da mutum biyu suka ɗaga ta.

"Kaka, a bene kike, ko? Wannan ranar farko zai sauko da ke ta ka."

A kejin ƙarshe suka tarar da wani tsohon kare ruwan ƙasa, bakinsa ya yi fari fat, yana kwance kamar an manta da shi tun zamanin kakanni. Maigidansa ne ya mutu, dangi suka raba kujeru da tukwane, suka kawo shi nan. Sunansa Manjo. Kunnensa ya toshe, idonsa ya yi hazo, haƙoran da suka rage masa ba su isa cin ayaba ba. In ya yi hamma kusa da bango, fenti sai ya ɓare. Ya miƙe a hankali, gaɓa bayan gaɓa, ya zo ya ɗora haɓarsa a gwiwar Odessa, ya sauke ajiyar zuciya irin ta dattijon da aka tsawaita wa wa'azi.

Shawna ta ce, "Gaskiya zan faɗa miki. Irinsu ba mai ɗauka, kowa ɗan kwikwiyo yake nema. Zuciyarsa ta kumbura. Likita ya ce in ya fita daga sanyin bana ya yi ƙoƙari. Kuma in kin dawo da shi, allurar mutuwa ce."

Odessa ta dube shi, ta dubi hannunta. "Ai yana da girma. Daga nesa zai yi kwarjini."

Da suka isa gida ya shinshina falo, ya leƙa kicin, sannan ya je ya kwanta gicciye a bakin ƙofar ɗakin kwana. A nan yake kwana a gidan marigayi maigidansa, a nan kuma zai kwana a wannan. Haushi kuwa, har yau ba wanda zai ba da shaidar ya taɓa ji.

Sai batun bindiga. Mai shagon, Lonnie, mutum ne mai gemu har cibi. Ya jera mata ƙananan bindigogi a kan gilashi. Ta farko sai an ja samanta baya kafin harsashi ya hau. Odessa ta ja, ta cije, ta kira sunan Ubangiji, abu ko gezau.

"Kaka, kar ki haihu a shagona. Gwada libarba."

Libarbar ba abin ja, amma kunamarta tauri. Tana matsawa hannu na rawa, bakin bindigar na yawo yana gaida kowa a shagon. Babu harsashi a ciki, duk da haka wani ƙato da ya zo sayen kayan farauta ya kwanta a bayan kanta.

Daga ƙarshe Lonnie ya ɗauko wata 'yar ƙarama, wadda ake ɗaga hancinta a zura harsashi da yatsa, ba ja, ba dukan hannu sosai. Ita ta zauna mata. Matarsa Jolene, mai koyar da harbi a ɗakin baya, ta tsaya mata a gaban takarda mai hoton mutum. Odessa ta harba, ta harba. Duk hujin ya sauka a ƙasa.

"Mama, kina da gaba da gwiwoyin mutane ne? Hannunki ke dannawa ƙasa in kin matsa." Jolene ta cire abin toshe kunne, dariyar ta bar fuskarta. "A gidan haya kike?"

"Hawa na biyu."

"To ki ji. Irin bangonku, harsashi ratsa shi yake kamar burodi. In kin koma, ki tsaya inda za ki tsaya ranar da abin zai faru, ki dubi inda ɓarawo zai ɓullo, ki tambayi kanki wa ke bayansa. Bai san ɓarawo ba, bai san ɗan maƙwabta ba."

Odessa ta koma gida da la'asar, ta tsaya a falo ta miƙa yatsa ga ƙofar shigowa. Bayan ƙofar, ƙofar maƙwabtanta su Mendoza ce, inda yara ke baje a ƙasa suna kallon talabijin. Ta juya ga bangon kicin. Can Mista Pruitt yake zaune da tukunyar iskar numfashinsa. Bangon ɗakin kwana, gadon jariri ne a jingine, ita ke fara jin kukansa kafin uwarsa. Ƙasa kuma wata nas ce mai barcin rana. Duk inda ta nuna, ta san sunan wanda ke wurin da abin da ya ci jiya.

Bangon bulo ɗaya ne tak a gidan, na waje, a ƙarshen ɗan lungun da ke gaban ɗakin kwana. In tana son ya zama shi ne bayan ɓarawo, sai ta zauna a kusurwar ɗakinta ta jira har mutumin ya iso bakin ƙofa. Ta zauna a kusurwar, ta ɗaga yatsa. Manjo, da ya ji motsi a ƙasa, ya miƙe tsaye a bakin ƙofar yana kaɗa wutsiya. Kansa daidai gwiwar mutum, inda harsashinta ke sauka.

Ta yi ta fama ta sauya masa wurin kwana. Ta saya masa katifa, ta shimfiɗa masa bargon Alvin a falo, ta jera masa soyayyen nama tun daga ƙofar har kicin. Ya bi layin ya lashe tas, ya juyo ya koma bakin ƙofarsa ya kwanta. Ta ja shi da tawul, ya yi nauyi kamar firij. Da ta gaji, ta zuba harsasan a aljihun tebur, ta kulle bindigar a akwatinta, ta tura ƙarƙashin gado.

Ranar bikin Godiya Renita ta iso da rana, ta buɗe da nata mabuɗin. Ta ratsa falo, ta tsallake karen, ta tsaya a kan uwarta da ke gyangyaɗi a ɗaki. Manjo bai farka ba sai da ƙamshin gasasshen talotalon da ke hannunta ya kai masa.

"Mama, wannan ne mai gadin? Na ɗauka darduma ce."

"Ya san ke jinina ce."

"Ina bindigar?"

"Tana hutawa."

Renita ta durƙusa ta jawo akwatin. Ta miƙa wa uwarta ɗan mabuɗin ta ce ta buɗe. Odessa ta yi ta kokawa da shi, yatsun suka ƙi, ya faɗi ƙasa. Ta bango ana jin yaran Mendoza suna faɗa a kan cinyar kaza.

"Mun yi magana, Mama. Ki haɗa kaya."

"Shi fa?"

"Curtis gashin kare na tayar masa da asma. Ki mayar da shi inda kika samo shi."

"Allura za su yi masa. Ya kwana a ƙofar wani har aka fitar da gawar mutumin, sannan ni in kai shi da hannuna?" Odessa ta dafa kan karen. "Ki bar ni har ya mutu. Ranar da ya tafi, ni ma ki zo ki ɗauke ni. Ba zan yi gardama ba."

Renita ta dubi karen irin duban da makanike ke yi wa tsohuwar mota. Ta ce ta yarda.

Tun daga ranar gadi ya juya. Matar da ba ta taɓa shan maganinta a kan lokaci ba, ita ce ke ɓoye ƙwayar zuciyar kare a cikin cuku safe da yamma. Ta dafa masa kaza da shinkafa, ita ta ci wake na gwangwani. Ta sa masa safa mai roba don kar ya zame. In za su sauka bene, tawul take zurawa ta ƙarƙashin cikinsa ta riƙe, suna nishi tare, ka rasa wa ke riƙe da wa. Ƙanƙara ta zuba, ta narke, ta sake zuba. In ya daɗe bai motsa ba sai ta ɗora tafinta a haƙarƙarinsa ta jira.

Kowace Lahadi bayan coci Renita na kira ta bidiyo. "Yaya jikinki, Mama? Yaya Manjo?" Dukansu sun san abin da tambaya ta biyu ke nufi. Ita Renita ba muguwa ba ce, in ta yi tambayar sai ta kawar da ido.

Manjo ya ƙaryata likita, ya fita daga sanyi, ya ga ganye ya tsiro. Sai wata Asabar da safe, cikin zafi, ta kawo masa cukunsa bai ɗago ba. Ta zauna a ƙasa kusa da shi har cukun ya narke mata a hannu. Ɗaga shi ya fi ƙarfinta. Efrain, uban yaran Mendoza, shi ya naɗe shi a bargo ya sauka da shi, ya kai asibitin dabbobi.

Mista Pruitt ya jawo tukunyar iskarsa ya zo gaisuwa. Da ya ji yarjejeniyar sai ya koma ya dawo da tsohon kwat ɗinsa ruwan ƙasa.

"Ki cusa masa matashi, ki kwantar a bakin ƙofa. Ta waya wa zai gane? Ai shi ma da ransa bai fi wannan motsi ba."

"Kai da shekarunka, Pruitt."

"Ki ɗauka dai. In kika tafi, wa zai buga mini bango in tarina ya yi yawa?"

Ta karɓa. Ranar Lahadi ta dawo daga coci, ko hularta ba ta cire ba, ta cusa matashin, ta lanƙwasa hannun kwat ɗin kamar ƙafa. Waya ta yi ƙara.

"Yaya jikinki, Mama? Yaya Manjo?"

Odessa ta juya wayar ga bakin ƙofa. Maɓallin kwat ɗin yana sheƙi a hasken taga, ko makaho zai gani. Renita ta ƙura masa ido. Sannan ta ce:

"Yana barcinsa. To... Allah ya ƙara masa lafiya, Mama. Sai Lahadi."

Odessa ta juyo da wayar ta dubi fuskar 'yarta, ta ga ta toshe baki da hannu. Da faɗa yarinyar ta yi mata, da ta san abin da za ta mayar. Wannan kuwa bai haɗiyu mata ba.

"Kwat ɗin Pruitt ne, ke ma kin gani. Jiya da safe ya tafi."

"Mama, ba sai yanzu-yanzu ba. Za mu iya..."

"Na ce ba zan yi gardama ba. Ki gaya wa Curtis akwai bindiga sabuwa in yana so, ba ta taɓa ganin ɓarawo ba. Kuma ki taho da motarsa, taki ba za ta ɗauki gadona ba."